Taku Arba'in da Uku

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Teburin ya iso yau. Wata uku ana cika mana kunne da zancensa, sai ga shi a bayan motar da ke kawo mana ruwa daga San Filipe, an naɗe shi da barguna sai ka ce jariri. Shekara shida ke nan ina aiki a gidan bayanin dutse na nan garinmu Cha, ina gaya wa baƙi yadda Babban Mutum, dutsen nan da ke tsaye a kanmu, ya yi aman wuta ya haɗiye mana gari. Ban taɓa ganin abin da ya tara jama'a kamar teburin nan ba.

A ƙasa hoton garinmu ne da aka ɗauka daga jirgin sama kafin wutar, kowane rufi ga shi nan. A sama gilashi ne mai zamewa, an zana masa da jan layi gidajen da muka gina a kan baƙin dutse bayan wutar. In ka ja gilashin, sabon gari ya hau kan tsohon, kowa ya ga abin da yake kwana a kansa.

Zenaida abokiyar aikina ce ta fara gano nata. Ta ƙwala ihu. "Gisa, zo ki gani! Ashe banɗakina a kan ɗakin uwar mijina yake! Allah ya saka min!" Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Na nemi namu. Na ja gilashin, na mayar, na sake ja. Na ce mata ba a daidaita shi ba. Ta ce, "Ga tanki a kan tanki, ga hanya a kan hanya, me kuma kike so?" Na ce kaina ke ciwo, na taho gida.

Talata, 8 ga Yuli, tsakar rana

An daidaita shi. Mutumin da ya kawo shi ya auna a gabana sau biyu, har ya fara yi min wani irin kallo.

To bari in rubuta sau ɗaya in huta. Gidanmu ba a kan gidanmu yake ba. A kan gidan Nha Filo yake, maƙwabciyarmu ta da, wadda ta yi shekara ashirin ba sa ga maciji da Mama a kan akuya guda.

Mu dai haka muke yi: wuta ta ci gidanka, ka jira dutsen ya sha iska, ka koma ka gina daidai inda naka ya nutse. Ba takarda, ba mai awo, kowa da alamarsa. Alamar Papa taku ce. Daga kusurwar tankin ruwan sama, wanda wutar ta bari, zuwa ƙofarmu taku ɗari biyu da sha biyu ne. Shekara talatin yana ɗebo ruwa yana ƙirgawa. Da ya dawo ko hucewa dutsen bai gama ba, takalminsa na narkewa, ya ƙirga har sau uku, ya kafa sanda ya ce nan ne.

Ba wanda ya tuna, har ni mai taƙamar karatu, cewa takun mutum a shimfiɗaɗɗiyar hanya daban, takunsa a kan dutse mai yanka ƙafa daban. Ƙirgarsa daidai take. Takun ne suka gajarce.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Kofi biyu, kamar kullum. Ɗaya a hannun Papa, ɗaya ya ajiye a ƙasa a kusurwar ɗakinsa. Ina jin sa daga kicin yana yi wa Mama magana.

"Benvinda, an tashi lafiya? Inabin gangare ya fara baƙi. 'Yar autarki har yau ba ta iya dafa jagasida ba, gishiri kamar ta ɗebo daga teku."

Mama ta rasu wata bakwai bayan wutar, a gidan da aka ba mu can ƙasa a Achada Furna. Can kabarinta yake. Papa bai taɓa zuwa ba tun ranar jana'iza. Ya ce ƙashinta ne a can, ita tana nan ƙasa wajen keken ɗinkinta, wajen bakin ƙofar da ta binne cibiyoyinmu. Shekara tara yana yi mata hira ta cikin siminti.

Ya kira ni. "Auta, zo ki taɓa. Har yanzu da ɗuminta."

Na taɓa. Sanyi ƙalau, ya kai shekara uku da yin sanyi. Na ce akwai ɗumi.

Takardar da likita ya ba mu a San Filipe tana bayan hoton Maryamu. Abin da ke cikinta ba zan rubuta shi a nan ba. Cewa dai ya yi mu bar shi ya ci duk abin da ransa ke so, kada mu wahalar da shi da hawa da sauka. Papa ya ce madalla, dama shi ba inda za shi, a kan matarsa zai kwanta.

Ban faɗa masa ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, yamma

Cokali huɗu Papa ya ci. Ban faɗa masa ba.

Asabar, 12 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Jamusawa goma sha ɗaya, da sandunansu da hulunansu. Na yi musu karatun da na saba. "Barkanku da zuwa. Wutar nan ba ta kashe kowa ba, ko mutum ɗaya." Kullum a nan suke sakin numfashi su yi murmushi. Ni ma in yi. Ba a rubuta wanda ya mutu bayan wata bakwai ba, to me ya kai ni?

Na zaga da su. Rufin tsohuwar coci da ke leƙowa daga dutse, gonakin inabi kowane a raminsa cikin baƙin yashi, sai wurin ɗaukar hoto. Wani fili ne a bayan gidanmu, dutsen ya ɗan kwanta, in ka tsaya a kai Babban Mutum ya cika maka baya gaba ɗaya. Ni da kaina na gano wurin. Shekara shida ina jera mutane a kai ina cewa su matso, su yi dariya.

Da suka tafi shan manekom, giyar inabin garinmu, na koma ni kaɗai da awon da na kwafo daga teburin. Na tsaya a ƙofar bayanmu na fara ƙirga. Taku arba'in da uku ya kai ni tsakiyar wurin ɗaukar hoton nan.

A kan rufin uwata nake jera su. Wayyo Allah. Na zauna a wurin har inuwar katangar dutse ta rufe ni, ban yi kuka ba, haushi ne kawai ya cika min ciki, ban kuma san wa zan ji wa ba.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan coci

Fada ya tambaye ni jikin Papa. Na ce da sauƙi. Ya ce zai leƙo. Na ce ba sai ya leƙo ba tukuna.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe huɗu

Dama na san ba za a bar ni da abina ba.

Wajen ƙarfe goma wata motar haya ta tsaya, wani ƙaton mutum ya fito da farin takalmi da 'yan mata biyu masu Turanci ta hanci. Sai da ya ce, "Gisa mai kukan tsiya, ke ce kika girma haka?" sannan na gane shi. Miro ne, ɗan Nha Filo. Tare muka yi kiwon awaki. Ya tafi Brockton ta Amurka yana da shekara sha tara, bayan wutar ya aiko aka kai masa uwarsa.

Na ce, "Kai kuma wa ya hura ka?" Muka yi dariya. Na yi ta jan su wajen duwatsun da ke cikin akwati, wajen na'urar da ke jin motsin ƙasa, wajen hotunan wutar. Na yi magana har bakina ya bushe. Amma teburin a tsakiyar ɗakin yake, ba a ɓoye shi.

Ya nuna wa 'ya'yansa rufin kakarsu da yatsa. "Ga kicin, ga garken awaki." Babbar ta ja gilashin don wasa. Jan layi ya zo ya zauna daram a kan rufin.

Ya ce, "Wa ya gina a nan?"

Zenaida ta tuna wai ta bar ruwa a wuta, ta fice. Mu da ba mu da murhu a wurin aiki.

Na ce, "Papa ne."

Ya dube ni, ya dubi teburin, ya ambaci Papa da sunan da gari ke kiransa. "Nho Doro ya sani?"

Na girgiza kai. Ya saya wa yaran ƙananan gidajen dutse da ake sayarwa a ƙofa, suka tafi.

Laraba, 16 ga Yuli, safe

Kofi biyu. Yau labarin Miro Papa ya ba Mama: ɗan Filo ya dawo, ya yi tumbi kamar ganga.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Miro ya ce in kai su ƙaramin dutsen da ke gindin Babban Mutum, inda wutar ta fito. Aikina ne, na kai su. Yaran suka cusa busasshiyar ciyawa a tsagar dutse ta kama hayaƙi, suka yi ta tsalle. Da saukowa suka sheƙa a guje cikin yashi, suka bar mu a baya.

Ya ce, "Ba yawo ya kawo ni ba, Gisa. Tsohuwa ce ta aiko ni. Tamanin da huɗu gare ta. Tun sanyin bara ba ta da magana sai ɗaya: in gina mata ko ɗaki guda ne a kan kicinta, in kawo ta. Ta ce ba za ta mutu a hawa na uku tana kallon wurin ajiye motoci ba."

Na ce, "Ga fili nan ko'ina. Gina mata a gefe, wa zai gaya mata?"

"Ke kin san uwata. Tana tsayawa za ta dubi kan Babban Mutum ta dubi tanki, ta ce min ƙarya nake."

Na san ta kuwa. Sai na gaya masa abin da ke bayan hoton Maryamu. Shi ne mutum na farko da na gaya wa da bakina, kuma ɗan Nha Filo, ka ji ikon Allah.

Ya daɗe yana zazzage yashi daga farin takalminsa. Can ya ce, "To zan jira."

Na ce, "Ka jira me?"

Ya mayar da takalmin ƙafarsa. Alheri ya yi min, na sani. Amma da da dutse a hannuna da na jefe shi.

Juma'a, 18 ga Yuli, tsakar rana

Yanzu mutum biyu ke jira. Ɗaya a masauki, ɗaya a Brockton. Ni ta uku, in na yi wa kaina gaskiya, kuma na tsani kaina.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe uku

Duk garin ya zo ya ga tebur. Tsofaffin da suka rantse ba za su taka gidan bayani ba, ga su suna layi suna tsokanar juna, wannan ya ci wa wancan taku biyu, wancan ya hau kan kejin kajin wannan. Dariya ake. Amma in aka zo kan namu sai a yi tsit, a ja gilashin a wuce. Kowa ya sani ke nan, saura mutum ɗaya.

Zenaida ta ja ni gefe. "Gisa, in goge jan layin? Ɗan ruwan goge farce ne kawai. Ko in yi tuntuɓe da guga, gilashi ai fashewa yake."

Na ce, "Ki fasa a kawo wani."

"To kafin a kawo wani ai..." Sai ta kama bakinta. Ita ma ta shiga layin masu jira.

Keken ɗinkin nan nake ta tunawa. Wutar ba gudu take ba, tafiyar tsohuwa take, mun sami kwana biyu muna kwashe kaya. Har ƙofofi da tagogi an ciccire. Papa ya ce a fara da gangunan manekom, keke na da nauyi, a bar shi sai sawu na ƙarshe. Kafin sawu na ƙarshe dutsen ya rufe hanya. Mama ba ta ce masa uffan ba, ko a ranar ko bayanta. Da ma ta zage shi.

Lahadi, 20 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Papa ya hango Miro tsaye a hanya yana kallon gidan, ya ɗaga masa sanda. "Kai ɗan Filo! Amurka ta hana gaisuwa ne? Shigo ka sha kofi na gaske, ba ruwan wankin da kuke sha can ba."

Ya shigo, ya cire hula. Papa ya ware, rabon da in ji muryarsa haka an kwana biyu. Ya tambayi tsohuwa. "Har yanzu tana cewa akuyarta ce? Ka gaya mata tamu ce, kunnen hagu a tsage."

"Zan gaya mata, Nho Doro."

"Gidanku yana can wajen tanki, taku arba'in ko hamsin. In za ka gina zo in ƙirga maka. Ni ba na kuskure."

"Na gode, Nho Doro."

Idon Miro na kan kusurwar nan inda kofin Mama yake. A teburin, daidai nan ne murhun uwarsa. Da zai fita ya yi kamar zai ɗaure takalmi, ya durƙusa, ya ɗora tafin hannunsa a simintin. Bai daɗe ba. Ya miƙe ya fita da sauri yana jan hanci.

Papa ya bi shi da kallo har ya ɓace. Sannan ya ce, "Auta, takalmin nan nasa ai ba shi da igiya."

Na ce ban lura ba.

"Me ya sa ɗan Filo zai taɓa ƙasan ɗakina?"

Na ce mutanen Amurka sai a hankali. Na kwashe kofuna.

Litinin, 21 ga Yuli, safe

Ban faɗa masa ba.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

An fara tsinkar inabi. Maƙwabta sun tsinke namu ba tare da an roƙe su ba, suka kawo masa nono guda ya gani. Ya ci ƙwaya biyu. Duk wanda ya shigo sai ya yi ta kallon rufi da bango, ba mai kallon ƙasa. Papa ba yaro ba ne. Yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

Alhamis, 24 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe

"Auta, ki kai ni wurin aikinki."

Shekara shida ina roƙonsa ya zo ya ga inda nake tsayawa. Kullum amsarsa ɗaya: shi za a yi wa bayanin Babban Mutum, shi da ya ga wuta uku? Yau da bakinsa.

Na ce ana gyara, an rufe.

Ya ce, "Jiya na ga motar Faransawa a ƙofar. Su gyaran bai hana su ba?"

Juma'a, 25 ga Yuli, yamma

Na ce ba mota. Ya ce akwai baro.

Asabar, 26 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Mijin Zenaida ne ya kawo shi a motarsa. Ya sa rigar zuwa coci, tana reto a jikinsa. Na riga na shimfiɗa zane a kan teburin na ɗora tukunyar fure, wauta dai irin tawa.

Ya ce, "To, malama, yi min yadda kike yi wa Turawa."

Na fara. "Barkanku da zuwa. Wutar nan ba ta kashe kowa ba, ko..." Sai maganar ta maƙale. Ya ce, "Ci gaba mana." Na kasa. Ya kaɗa kai, ya dogara sandarsa ya nufi teburin kai tsaye, ya miƙa wa Zenaida tukunyar furen, ya yaye zanen.

Papa bai iya karatu ba, amma rufi ba ya son karatu. Ya sunkuya yana bi da yatsa yana kiran sunaye, na masu rai da na matattu. Ya tsaya a kan namu. "Ga shi nan. Ga ɓauren da ta shuka. Kai, har igiyar shanya!" Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. "To ina abin da ake ja ɗin?"

Ba wanda ya motsa. Ya laluba da kansa ya ja.

Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ɗaya a kan jan layin, ɗaya a kan rufinmu, ya dubi tazarar da ke tsakaninsu. A kan tebur ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba.

"Wannan jan ni ne?"

"Kai ne, Papa."

"Wannan na ƙasa Filo ce."

Na gyaɗa kai.

"Sau uku na ƙirga, Auta."

"Na sani, Papa."

Ya miƙe a hankali. Ya dubi Zenaida ya ce, "'Yata, shekara tara ina kai wa Filo kofi. Duk asirin gidana ta ji. Shi ya sa ta ƙi mutuwa." Zenaida ta yi wata dariya da ta koma kuka, ta ruga waje da tukunyar furen a hannu.

Ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Kwana ashirin."

"Kika bar ni ina magana."

Ba faɗa ya yi ba. Da faɗan ne da na ji daɗi. A mota ya tambaye ni abu ɗaya: daga ƙofar baya saura taku nawa? Na ce arba'in da uku.

Lahadi, 27 ga Yuli, safe

Kofi ɗaya. Shi ma bai sha ba.

Talata, 29 ga Yuli, ƙarfe biyu

Ya sa na jawo katifarsa daga ɗakin zuwa bakin ƙofar baya. Ya ce ba zai ƙara kwana a kan murhun matar mutane ba. Yini yake yana kallon wurin ɗaukar hoto. Jiya wasu suka hau suna ɗaga hannu sama, ya ce, "Ke kike kawo su nan?" Na ce daga yau na daina. Ya ce, "Bar su. Tana son baƙi."

Na so in ɗauke shi in kai shi, mijin Zenaida ya ce zai goya shi. Papa ya ce shi ba buhun masara ba ne, da ƙafarsa ya ɓata, da ƙafarsa zai gyara, a bari ya ɗan sami ƙarfi. Wane ƙarfi? Daga ina?

Alhamis, 31 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Ya aika aka kira Miro.

"Ɗan Filo, ɗakin nan na uwarka ne. Je ka kawo ta tun tana gane hanya. Ba sai ka jira ni ba, na ga kana jira, kunya ta ishe ka."

Miro ya fara rantse-rantse. Papa ya ɗaga hannu. "Ka gaya mata na tsare mata rufi shekara tara, ba ɗigo ko ɗaya. Akuya kuma na yafe, ta riƙe."

"Ku kuma fa, Nho Doro? Gisa fa?"

"Gisa na da ƙafa, ta kuma iya ƙirga fiye da ubanta."

Shi ke nan. A zama ɗaya ya ba da gidan da ya ƙona tafin ƙafarsa a kai. Ina zan sami bulo, ina zan sami hannu, wa zan gina wa? Miro ya ce zai taimaka. Kowa zai taimaka. Na gaji da masu taimako.

Juma'a, 1 ga Agusta, tsakar rana

Fada ya leƙo. Wannan karon ban hana shi ba.

Asabar, 2 ga Agusta, yamma

Ruwa kawai ya sha. Ya ce gobe.

Lahadi, 3 ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ya tashe ni da kansa. Ya ce kofi biyu.

Na sa masa rigar coci da takalmi. Na riƙe kofunan a hannu ɗaya, ɗayan na tallafe shi. Ba nauyi ko kaɗan, kamar na riƙo kwandon da ba komai. Ya tsaya a ƙofar baya ya daidaita fuskarsa da wurin, ya ce kada in taya shi, shi zai ƙirga.

"Ɗaya."

Ba taku ba ne, jan ƙafa ne. Dunduniyar wannan ba ta wuce yatsun waccan. A goma sha biyu ya tsaya ya huta. A ashirin ya yi tari har na ce shi ke nan. A talatin gumi ya jiƙa rigar, muryarsa ta koma raɗa, amma bai tsallake ko ɗaya ba. Talatin da tara. Arba'in. Idonsa na ƙasa, yana kallon ƙafafunsa kada dutse ya kayar da shi.

"Arba'in da uku."

Ya tsaya. Ko turken da muke ɗaure igiyar shanya ba mu wuce sosai ba. Teburin nan na haddace shi kamar addu'a, na san abin da ke ƙarƙashinmu: garken awakin Nha Filo ne.

Bai ɗaga kai ba, bai kuma kalle ni ba. Ya ce, "Nan ne ko, Auta?"

Na dubi ƙafafunsa. Ko taku uku ba su rage a cikinsu ba.

Na ce, "Nan ne, Papa."

Na zaunar da shi. Ya karɓi kofi ɗaya ya ajiye a kan dutsen da hannu biyu don kada ya zube. "Benvinda, ga ni. Yi haƙuri, na tsaya a gidan maƙwabta." Ya maida numfashi. "Keken nan kuma, da shi ya kamata in fara. Na sani tun ranar."

Ya shimfiɗa tafinsa a kan dutsen. Rana ta riga ta gasa shi. Ya ce, "Taɓa ki ji. Ba na gaya miki ba?"

Na taɓa. Na ce akwai ɗumi.

Ya sha kofinsa har rabi, rabon da ya sha haka tun ranar teburin. Ni ina tsaye a bayansa ina tare masa rana. Daga nan ina hango wurin sarai, saura taku ashirin da takwas irin nawa. Wasu baƙi biyu sun hau kai, ɗaya na ɗaukar ɗaya hoto.

Ban faɗa masa ba.